Makamin Ƙare-dangi da Tashin Alƙiyama a Labaran Zane

Labaran zane masu siffanta yaƙin nukiliya sun bunƙasa a Amurka bayan an jefa bam a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. Tsoro ya ƙaru da Tarayyar Soviet ta gwada nata a 1949, sai masu buga mujallu suka mai da shi haja. Mujallar Atomic War!, wadda ta fito sau huɗu tsakanin 1952 da 1953, ta ƙaga yaƙin da zai ɓarke a 1960 ya cinye biranen Amurka da na Rasha. Kamfanin EC kuwa, a mujallunsa Weird Science da Weird Fantasy da suka fara fita a 1950, ya fi karkata ga abin da zai biyo bayan yaƙin. A 1953 ya zana wani labarin Ray Bradbury na gida mai sarrafa kansa, wanda ya ci gaba da dafa kalaci da share ɗakuna alhali mutanen gidan sun daɗe da zama toka. A 1954 masu buga mujallun suka kafa wa kansu hukumar tacewa, kasuwar irin waɗannan labarai ta ja baya.

A Sudan kuwa, labarin zane ya biyo ta hanyar makaranta. Mujallar yara ta Al-Sibyan ta fara fita a 1946, aikinta tarbiyya da nishaɗi, kuma da ita aka san Ammak Tango, wanda Sharhabil Ahmed ya daɗe yana zanawa. Ƙagaggun labaran kimiyya sun iso teburan masu sayar da jaridu a Khartoum da Omdurman ne daga Masar da Labanon. Mujallar Samir ta fito a Alƙahira a 1956, fassarar Larabci ta Superman kuma a Beirut a 1964, inda aka raɗa wa jarumin suna Nabil Fawzi. Shi ma asalin labarinsa tarwatsewar wata duniya ce da mutanenta. Shi bam ɗin kansa bai yi wa Afirka nisa ba. Daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka samo yawancin yuraniyam ɗin da Amurka ta fara aiki da shi, kuma ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya. Kan gwaje-gwajen bam a Sahara ne Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961.

Tambayar da waɗannan zane-zane suka bari ta tauhidi ce: shin hannun ɗan Adam zai iya tayar da alƙiyama? Tana da nauyi na musamman a unguwa irin Haj Yusuf ta Khartoum da ke gabashin Kogin Nilu, inda Hausawa da yawa ke zaune, domin zancen ƙarshen zamani yana cikin tarihin zuwan kakanninsu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da yawa daga masu hijirar sun ɗauki shigowar Nasara a matsayin alamar ƙaratowar Sa'a da bayyanar Mahadi.

Amsar da malamai ke bayarwa tana raba abu biyu. Na farko shi ne Sa'a, wadda surorin A'arafi da Luƙman suka keɓe saninta ga Allah Shi kaɗai. Al'amari ne da ya game sammai da ƙasa, da tashin matattu, don haka babu makamin da ke jawo ta ko jinkirta ta. Na biyu shi ne ɓarna a bayan ƙasa, wadda Suratur Rum ta danganta ga abin da hannayen mutane suka aikata, wadda kuma mala'iku suka yi tambaya a kanta tun lokacin halittar Annabi Adamu, kamar yadda ya zo a Baƙara. Yaƙin nukiliya, kome girmansa, a rukuni na biyu yake. Zai iya shafe birane, ya gurɓata ruwa da gona, ya bar cuta ga waɗanda ba a haifa ba, amma sunansa kisa, kuma yana da mai shi.

Amfanin wannan rarrabewa a fili yake. Duk wanda ya kira bam alƙiyama ya sauke wa maƙerinsa da mai jefa shi alhaki, ya mai da laifi ƙaddara tsantsa. Imani da ƙaddara a wajen malaman Sunna bai taɓa cire wa bawa alhakin abin da ya zaɓa ba. A nan ne labaran zane suka gaza. Ƙarshen duniya a cikinsu kango ne shiru, babu tashi, babu hisabi, janar da jariri sun zama toka iri ɗaya. A aƙidar Musulunci kuwa yarinyar da aka binne da rai ma za a tambayi dalilin kisanta, balle mutanen birni guda. Duk da haka masu zanen sun yi daidai a abu ɗaya: sun gane cewa ilimi na iya tsere wa hankali, kuma ƙwarewa ba ta gadar da tausayi.

Saura abin da ya hau kan mutum idan ya ga alamun halaka. Hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito ya umarci wanda Sa'a ta riska da dashen dabino a hannu ya dasa shi in ya sami dama. Masu hijirar Burmi haka suka yi: suna jiran ƙarshen zamani, suna sharar gona, suna buɗe makarantun allo. Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, wanda ya kai har cikin Haj Yusuf, ya nuna cewa bindiga da igwa sun isa su mai da unguwa kango ba tare da nukiliya ba. Hukuncinsa ɗaya da na babban bam: ɓarna ce ta hannun mutum, wadda ake bin kadinta, gyaranta kuma wajibi ne a kan waɗanda suka rayu.