Noman Fari Ba Ya Jiran Kowa

Damina a Damargu gajeriya ce. Daga Tanut zuwa Belbeji ruwa kan zauna ne a watan Yuli, kafin Satumba ta ƙare ya ɗauke. Duk da haka, a ƙasar nan ayarin Abzinawa ke ɗora geron da suke kaiwa Fashi da Bilma su musanya da gishiri da dabino. Mutanen da suka ciyar da ayari da ruwan wata uku sun san wane aiki ne ke gaba da wane.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, tun asuba magidanci ke saɓa sungumi, yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, domin yashi ba ya riƙe laima. Ranar nan ba mai gyaran danga, ba mai cin kasuwa. Wannan kowa ya iya.

Wurin noman fari ake gane mai natsuwa. Fili yana da yawa, shuka a yashi ba wuya, sai zari ya ja mutum ya shuka gona uku ko huɗu, wata har can kusa da iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin noma da kiwo. Sati biyu, ciyawa ta taso ko'ina lokaci guda. Yau ya taɓa wannan gona, gobe ya ruga waccan, jibi waya ta yi ƙara, an kira shi wani sha'ani a Tarka. Kullum a gajiye yake kwana, kuma ba mai ce masa rago, amma ƙarangiya ta riga ta shaƙe geron a duk gonakin. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ina girmama manomin da zai tsaya ya zaɓa. Ya dubi gonar da garken makiyaya ya kwana a cikinta da rani, ta sha taki, ya ce da iyalinsa nan za a fara, ba a ɗaga hauya sai an kai gefe. Zaɓin nan da ciwo. Yana kallon gonar nesa tana cika da ciyawa, irinsa da guminsa na ciki, maƙwabta na cewa ya yi sakaci. Yakan ba abokai haƙuri, ya bar waya a gida. In ya gama ta farko ya shiga ta biyu, kuma lokacin maimai ya zo ya same shi da sauran ƙarfi. Ta nesan, in ba a kai gare ta ba, ya bar wa dabbobi su ci.