Hoton Taurari: Gaskiya Ne Ko Ƙarya?

Akwai waɗansu mutane a Turai da Amurka da sauran ƙasashe waɗanda in dare ya yi, kowa ya shiga ɗaki, sai su fito da kyamara su kafa ta a tsakar gida ko a bayan gari, su yi ta ɗaukan hoton taurari har asuba. Ba mai biyansu ko anini. Wani likita ne da rana, wani malamin makaranta, wani direba. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. Mun ga hotunansu da yawa, masu ja da shuɗi da kore, abin mamaki. Amma da muka ɗaga kai muka dubi wurin nan da suka ɗauka, ba mu ga ko kusa da haka ba. To, ya ku masu karatu, in mutum ya nuna mana hoton abin da idonsa bai taɓa gani ba, gaskiya ya faɗa mana ko ƙarya?

Bari mu ɗauki misalin da kowa ya ke iya gwadawa. Da ɗari, bayan an ci tuwon dare, akwai taurari uku a jere a sama, cikin ƙungiyar da a ke kira Oriyon. Kusa da su akwai waɗansu ƙanana, a tsakiyarsu kuwa wani ɗan dusu-dusu kamar hayaƙi. Ido ba ya ganin abin da ya wuce wannan. A shekara ta 1880 wani likita a Amurka, Henry Draper, ya ɗauki hotonsa, ya bar kyamara a buɗe wajen minti 50. A 1883 kuma Andrew Common, mutumin Landan, wanda shi ma ba da taurari ya ke cin abinci ba, ya ɗauka da madubin hangen nesa mai faɗin inci 36 a gidansa. Sai ga taurari a hoton waɗanda ido ba ya ganinsu ko da an leƙa ta cikin wannan madubi ɗin.

Dalilin ba wuya. Ido ba ya tara haske. Abin da ya shigo yanzu, yanzu ya wuce. Kyamara kuwa kamar tulu ce da aka ajiye a ƙarƙashin indararo: ko ɗigo-ɗigo ne, in an daɗe sai ta cika. Har wa yau idon mutum ba ya rabe launi sosai cikin duhu, shi ya sa jar riga da baƙa su ke kusan zama ɗaya da dare. Launin yana nan, mu ne ba mu da ikon ganinsa.

Wani zai ce, ai ido shi ne alƙali, gama gani ya kori ji. Amma ido ma ya kan ruɗi mai shi. Percival Lowell, wani attajiri na Amurka, ya gina ɗakin duban taurari a 1894, ya yi shekaru yana zana hanyoyin ruwa miƙaƙƙu da ya ce yana gani a jan tauraron nan Mas, har ya gaskata waɗansu masu hankali ne suka haƙa su. Ba maƙaryaci ba ne. Abin da zuciyarsa ke so shi idonsa ya ba shi. Daga 1965, sa'ad da kumbo ya fara aiko da hotuna daga kusa, aka ga ramuka da fili, ba hanyar ruwa ko ɗaya. Sabo da haka ba za mu ce hoto ƙarya ne don ya saɓa wa ido kaɗai ba.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne abin da a ke yi bayan an ɗauka. Masu wannan sha'awa a yau ba hoto ɗaya su ke ɗauka ba. Su kan ɗora kyamara a kan wani ƙarfe mai juyawa a hankali yana bin taurari, domin duniya tana juyawa, in ba haka ba kowane tauraro sai ya zama zane. Su kan ɗauki hoto ɗari ko fiye na wuri ɗaya, wani lokaci dare da yawa a jere. Sa'an nan kwamfuta ta haɗa su: abin da ya bayyana a dukansu ya tsaya, abin da ya fito a ɗaya kaɗai a zubar. Wannan ya yi kama da alƙali da ya saurari shaidu ɗari ya riƙe abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai. Daga nan mutum ya zauna ya ƙara hasken wuraren da suka dushe, ya fito da launi. A nan ne hannunsa ya ke shiga, a nan ne kuma jaraba ta ke.

A ganinmu mai tallan nono za ta raba mana gardama. In ta kaɗa nono ta fitar da mai, ba wanda zai ce ta yi algus, gama man yana ciki tun dā, wahalarta ce ta fito da shi. In ta zuba ruwa kuwa, ko da ruwan mai tsabta ne, ta yi algus. Mai hoto da ya fito da hasken da kyamararsa ta tara ya kaɗa nono ne. Wanda ya ɗauko babban wata daga wani hoto ya liƙa a bisa gidansa, ko ya ƙara taurari inda babu, ya ce ga abin da na ɗauka daren jiya, ya zuba ruwa.

A 2023 wani mutum ya gwada wata irin waya da a ke yabo wajen ɗaukan hoton wata. Ya sami hoton wata ya dusashe shi a kwamfuta har ramukan suka ɓace, ya kashe fitila, ya ɗauki hoton allon kwamfutar da wayar. Sai ga wata ya fito da zane-zanensa. An riga an koya wa wayar kamannin wata da hotuna masu yawa, ita kuwa ta cika abin da ba ta gani ba. Wani zai ce, ina laifi, ai haka wata ya ke. Haka ne. Amma ku tuna da mutumin da ya ji labari a kasuwa, ya zo gaban alƙali ya ce da idona na gani. Ko da labarin ya zama gaskiya, shi dai ya yi shaidar zur, mun kuwa san nauyin wannan tun muna yara.

Akwai wurin da misalin nono bai kai ba, ba za mu ɓoye ba. A 1995 madubin Hubble, wanda ke kewaya duniya a sama, ya ɗauki wani hoto da ya yi suna ƙwarai, na ginshiƙan ƙura da iska inda taurari ke tsirowa. Iri biyu na iskar da ke wurin duk jan haske su ke bayarwa. Domin a rabe su, masana suka bar ɗaya ja, suka mai da ɗaya kore, ta uku kuma shuɗi. Masu sha'awa da yawa sun bi wannan hanya. Koren nan ba ya cikin nonon, an zuba shi ne. Duk da haka ba mu kira shi algus ba, sabo da ya yi kama da taswirar makaranta inda a ke shafa wa wannan lardi rawaya, wancan ja. Ba yaron da ya ke zaton ƙasar lardin rawaya ce, domin an gaya masa. Muddin mai hoto ya rubuta a ƙarƙashi cewa launin nan nasa ne, ga kuma dalili, ya fita. In ya yi shiru yana jin daɗin mamakin mutane, shirun nan ne ƙaryar.

Wani abu kuma da ya ke damunmu: tun 2019 an harba dubban taurarin ɗan adam, suna ratsa hotuna da fararen layuka, kwamfuta kuwa tana share su. Ba mu ce laifi ne ba, gama ba su aka fita ɗauka ba. Sai dai in kullum ana nuna mana sama tsaf, yaushe za mu san abin da a ke ɓata mana?

Kada wani ya ce, wa aka cuta? Hoto ne kawai. An cuci yaron da ya ga hoton, ya roƙi ubansa ya kai shi ya leƙa madubi, ya tarar da ɗan toka-toka, ya juya ya ce, ashe wannan ne? Hasken da ya shiga idonsa daga hayaƙin nan na Oriyon ya fi shekara 1,000 yana tafiya, amma ya raina shi, domin ba wanda ya gaya masa bambancin ido da kyamara. Mu ma mu kan yi haka in muna ba da labarin tafiya, ko na wani mutumin kirki da ya rasu. Mu kan ƙara gishiri don mu girmama abin, sa'an nan wanda ya je ya gani da kansa ya raina na ainihin.

Ran 20 ga Satumba 2016, wani mai gyaran makulli a birnin Rosariyo na ƙasar Ajantina, Victor Buso, ya hau rufin gidansa don ya gwada sabuwar kyamara. Ya nufi wani gungun taurari mai nisa, yana ɗaukan hotuna na sakan 20 kowanne. A na fari ba kome a wani gefe. Can sai ga ɗan ɗigo ya fito, yana ƙara haske. Tauraro ne ya fashe, a daidai farkon fashewarsa, abin da masana suka daɗe suna nema da manyan madubai ba su dace ba. Hotunan ba kyau gare su ba, baƙi da fari ne, da ɗige-ɗige. Amma da ya ke suna nan yadda kyamara ta ɗauke su, kowanne da lokacinsa, masana suka iya auna yadda hasken ya tashi minti bayan minti, suka buga sakamakon a 2018, da sunan mai gyaran makullin a cikin marubutan.