Ɗanyen Hoto da Amanar Mai Ɗauka

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Tun da aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa cikin shekarar 1839, mutane suka riƙi hoto tamkar ganin ido, suka ba shi matsayin da ba su ba wa labarin baka ba. Amma ba a yi nisa ba sai ga ƙarya ta biyo sawu. A 1840 Hippolyte Bayard, wanda ya ji haushin yadda hukuma ta fifita Daguerre a kansa, ya ɗauki hoton kansa kamar gawar wanda ya nutse a ruwa, alhali yana nan da ransa. Shaidar hoto da shakkar hoto kusan tagwaye ne.

A zamanin kamarar lantarki, abin da ya gaji fim shi ne ɗanyen hoto, wanda masu sana'a ke kira RAW. Shi ne lissafin hasken da ya faɗa kan farantin kamara kafin a daidaita launi, a rage nauyi, a mai da shi hoton da kowa ke gani. Saboda haka manyan gasanni suka mai da shi shaida. A 2010 gasar World Press Photo ta birnin Amsterdam ta ƙwace kyautar Stepan Rudik bayan ɗanyen hotonsa ya nuna cewa ya goge ƙafar wani mutum da ta leƙo a baya. A 2015 kuma ta fitar da kimanin kashi 20 cikin 100 na ayyukan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe, bayan an gwada su da asalinsu.

Sai dai wannan shaida a cikin kamara ake haihuwarsa, kuma kamara tana da manhajar da ke tafiyar da ita, wadda hannun mutum ke iya taɓawa. Wajen 2007 wasu masu sha'awa suka fito da CHDK, manhajar da ake ɗorawa daga katin ajiya, wadda ta ba ƙananan kamarorin Canon masu araha damar ajiye ɗanyen hoto, abin da kamfanin bai buɗe musu ba. A 2009 Trammell Hudson ya fara Magic Lantern domin kamarar Canon 5D Mark II. A 2013 aka ƙara mata wata dabara: ana karanta wasu layukan farantin da ƙarfi kaɗan, wasu da ƙarfi mai yawa, duk a ɗauka guda, domin wuri mai haske da wuri mai duhu su fito tare. Abin da ke fitowa daga kamarar zane-zane ne. Sai wata manhaja a kwamfuta ta haɗa layukan, ta ba da sabon fayil na DNG, tsarin da kamfanin Adobe ya fitar a 2004. Nan tambaya ta taso: wanda ya shiga gasa da irin wannan hoto, ya yi ha'inci ko bai yi ba?

Masu kare shi suna da hujja mai nauyi. Bai sa a hoton abin da babu shi a gaban kamara ba, bai kuma cire abin da ke nan ba. Damuwarsa ita ce ta Gustave Le Gray, wanda a shekarun 1850 ya riƙa haɗa hoton teku da na sararin sama daga faranti biyu, domin faranti ɗaya ba ya iya ɗaukar su tare. Ban da haka, iyakar da kamfani ya gindaya sau da yawa ta ciniki ce: ana rufe wata dama a ƙaramar kamara domin a sayar da babba. Idan matashi marar hali ya buɗe wannan dama da basirarsa, ya kusanci wanda ya saye ta da kuɗi, ina laifin? Dokar da za ta karɓi abin da kuɗi ya sayo, ta ƙi abin da ilimi ya buɗe, ta jingina ga mai hannu da shuni.

Masu suka kuma ba su rasa abin cewa ba. Darajar ɗanyen hoto a wurin alƙalan gasa ita ce mai ƙara bai taɓa shi ba. A kasuwa ana yarda da tiya ne domin kowa ya san girmanta. Mai hatsin da ya bubbuge gindin tasa, ko da ya rantse cewa ƙara mata zurfi ya yi, ya raba masu saye da abin da za su dogara da shi, tun da ba su da hanyar tantance wanda ya ƙara da wanda ya rage. Shi ya sa wasu gasanni ba sa karɓar DNG sai idan kamarar ce da kanta take fitar da shi. Tsoron ba na banza ba ne: a 2010 kamfanin Elcomsoft na Rasha ya karya tsarin da Canon ya yi domin tabbatar da asalin hoto, a 2011 ya karya na Nikon.

Amma duka ɓangarorin biyu sun ɗora wa fayil nauyin da ba nasa ba. Gasar hotunan namun daji ta Gidan Tarihin Halittu na Landan ta nuna haka sau biyu. A 2010 ta ƙwace babbar kyautar José Luis Rodríguez, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na kiwo ne. A 2018 ta janye kyautar Marcio Cabral, bayan masana sun ce dabbar mai cin gara da ta jingina da suri a wani gandun dajin Burazil busasshiyar fata ce da aka cusa wa kaya. Mutanen biyu sun musanta zargin. Abin lura shi ne, a duka biyun ba a kan kamara ko fayil aka yi jayayya ba. Kamara tana faɗin hasken da ta gani, ba ta san wanda ya jera abin da ke gabanta ba. Ɗanyen hoto na iya zama tsarkakakke, labarin da ya zo da shi ya zama ƙarya.

Ke nan ha'inci ba a cikin ƙarfe ko manhaja yake zaune ba. Yana tsakanin abin da mutum ya yi da abin da ya bari wasu suka ɗauka ya yi. Wanda ya gyara kamararsa, ya rubuta wa alƙalai dalla-dalla yadda hoton ya samu, ya miƙa fayil mai zane-zanen tare da wanda aka haɗa, ya sauke nauyin da ke kansa ko da an ƙi aikinsa. Wanda ya karanta doka, ya ga ta hana, ya sake wa fayil suna ya yi shiru, ya ci amana ko da hotonsa bai ƙara ko ƙwayar yashi a kan gaskiya ba. Shiga gasa alkawari ne, alkawari kuwa kaya ne. Idan doka ta yi tsauri ko ta nuna bambanci, a fili ake ƙalubalantar ta, kamar yadda Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar gasar Sony a 2023, ya shelanta cewa na'ura ce ta ƙirƙiri surar da ya aika, domin a tattauna batun.

Masu shirya gasa su ma da nasu nauyi. Dokar da ta yi shiru a kan manhajar da aka gyara tarko ce ga mai gaskiya, mafaka ce ga mai wayo. Ya kamata ta faɗi abin da ta yarda da shi da dalilinta, ta kuma bar ƙofa ga wanda ya zo da bayani. A 2023 kamfanin Leica ya fitar da M11-P, kamarar da ke buga wa kowane hoto hatimin asali tun daga ɗauka. Ci gaba ne, amma hatimin ba zai gane kyarkecin kiwo ba.

Malamin da ke shirya wa ɗalibai gasar hoto, da ƙungiyar da ke baje kolin ayyukan matasa, za su fi amfanar su idan kowane hoto ya zo da ƴan layuka daga mai shi: ina aka ɗauka, da wace na'ura, me aka yi masa bayan ɗauka. Yaron da ya saba amsa waɗannan tambayoyi ba tare da kwana-kwana ba ya koyi abin da babu manhajar da ke ɗora shi a kamara.