Wa Ke da Ikon Yafewa?

A watan Satumba na 2025 an yi wani zama a Hayin Gada, cikin ƙaramar hukumar Faskari. Gefe guda dattawa ne da masu sarauta da jami'an ƙaramar hukuma, ɗaya gefen kuma 'yan bindiga, makamansu rataye a kafaɗa. Cikinsu har da Ado Aleru, wanda rundunar 'yan sandan Katsina ta sa ladan Naira miliyan 5 a kansa a 2020, bayan harin Kadisau da ke cikin Faskarin. An ƙulla irin wannan sulhu a Ƙanƙara da Sabuwa a shekarar. Hotuna suka yi ta yawo a wayoyi, wasu na hamdala, wasu na Allah wadai.

Kafin mutum ya yi Allah wadai, ya kamata ya tuna abin da mutanen wannan yanki suka gani. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, amma hare-hare ba su tsaya ba. A Yunin 2024 aka yi wa mutanen 'Yargoje kisan gilla. Manomin da ya yi damina uku bai taka gonarsa ba, wanda ya sayar da shanun huɗarsa ya fanso matarsa, in ya ce a zauna da kowa muddin zai yi barci a ɗakinsa, wanda ke kwance lafiya a Abuja ba shi da bakin zarginsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai akwai abubuwa biyu da muke yawan cakuɗawa: dakatar da faɗa, da yafe laifi. Na farko aikin shugabanni ne. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma suna iya ƙulla yarjejeniya a madadin jama'a cewa a buɗe hanya, a ci kasuwa, a bar manomi ya yi noma. Na biyun kuwa ba nasu ba ne. Jinin da aka zubar a Kadisau yana da masu shi: uwa, mata, marayu. Idan wani babba ya miƙe a taro ya ce abin da ya wuce ya wuce, ya yi kyauta da kayan da ba nasa ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wannan. Ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi, haddin fashi yana faɗuwa daga kansa, amma haƙƙin mutane yana nan: dukiyar da ke hannunsa sai ya mayar, jini kuma magada ne ke da ta cewa. Ko a Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sasantawa da Desmond Tutu ya jagoranta ba ta yi wa kowa afuwa a banza ba. Sai mutum ya bayyana dalla-dalla abin da ya aikata, kuma dangin mamata suna da damar halarta su ƙalubalance shi. Mafi yawan waɗanda suka nemi afuwar ma ba su samu ba.

Mun kuma ga ƙarshen sulhun da aka yi ba tare da waɗannan sharuɗɗa ba. Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada a 2016, ya sake a 2019, duk suka wargaje, daga baya shi da kansa ya ce an ci amanarsa. Yarjejeniyar da ba a faɗi gaskiya a cikinta ba, kuma bindiga na hannun ɓangare ɗaya, tana nan ne kawai har ranar da mai bindigar ya ga dama.

Adalcin nan kuma ba na mutanen gari kaɗai ba ne. A rugage akwai matan da 'yan sa-kai suka kashe wa maza a kasuwa ba shari'a, akwai makiyayan da aka kore wa shanu, da burtalin da gonaki suka cinye. Su ma ba a tambaye su ba. Ɗan bindigar da ke magana da sunansu bai fi ɗan siyasar da ke magana da sunan zawarawan Kadisau cancanta ba.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, kuma zaɓen 2027 na tafe. Za a zo mana da wannan sulhu a matsayin aikin da aka yi mana, a nemi ƙuri'a a kansa. To, mu tanadi tambayoyinmu, tun daga kan kansila har zuwa ɗan majalisa. Me aka yi alkawari da sunanmu, kuma me ya hana a karanta shi a bainar jama'a ranar kasuwa? Wa ke rubuta sunayen waɗanda aka kashe, gari da ruga? Ina maganar diyya, ina makarantar marayu? Yaushe za a ajiye makamai, kuma a hannun wa?

A ci gaba da zama in zaman zai ceci rai, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma a bar wa uwar da ta binne ɗanta kalmarta. In ta ga dama wata rana ta ce ta yafe, ladan nata ne. In ba ta ce ba, kada wani ya faɗa a madadinta.