Mai Gida, Ka San Kanka?

Ɗan'uwa, unguwar Maourey tana cikin tsofaffin ƙauyukan da suka haɗu suka zama Yamai, tun kafin a mai da ita babban birnin Nijar a 1926. A irin wannan unguwa, masu rigima wurin mai unguwa suke zuwa. In shi ma mai saurin fushi ne, wa zai raba faɗan?

Ka tuna da Musa a Kadesh. Jama'a suna gunaguni saboda ƙishirwa. Ubangiji ya umarce shi ya yi wa dutse magana, amma ransa ya ɓaci, ya bugi dutsen sau biyu da sanda. Ruwa ya fito kuwa, kowa ya sha, har da dabbobi. Duk da haka Musa bai shiga Kan'ana ba. Bawan Allah ne fa, ba kamarsa a zamaninsa!

Kai ma shugaba ne a gidanka. Mene ne yakan tunzura ka? Yunwa bayan noma? Bashi? Daren nan ka karanta wa iyalinka Littafin Ƙidaya sura 20, sa'an nan ka tambayi uwargida. Ta sani. Ka bari ta gama magana, kana ku durƙusa tare.