Ƙaryar Antoine Doinel

A fim ɗin François Truffaut, Les Quatre Cents Coups (1959), malami ya tambayi Antoine dalilin fashinsa, yaron ya ce uwarsa ta rasu. Tana nan da ranta. Mijinta ya zo ya wanka masa mari gaban ƴan aji. Ƙarya ce, babu shakka. Amma yaron da ke kwana a bakin ƙofa yana jin ana shawarar rabuwa da shi, ya yi nisa da gaskiya kuwa?

Malamin Buza ya san wannan ɗalibi: uba na cin rani a Abijan, uwa ta sake aure, kaka ta gaji. Horo wajibi ne, in ji wasu. To, wa za a kira makaranta gobe ya amsa?