Wasiƙar Baffa daga Mai Wurno

Ɗana,

 Hoton da ka turo ya iso, kai da baƙar rigar nan da hula mai kama da faranti. Innarka ta nuna wa duk wanda ya shigo gidan, har yaron da ke kawo mana ruwa a kan jaki. Allah ya sanya albarka, ya sa a amfana. Digiri na biyu a Ingila ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya fara da allo a zauren kakansa, ya yi na farko a Jami'ar Jazira a Wad Madani.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ran Juma'a da muka yi waya na tambaye ka yaushe takardar zamanka ta ɗalibi za ta ƙare, ka ce mini, "Akwai sauran lokaci, Baffa." Na sake tambaya, ka ce za ka duba. Haba ɗana! Ka san ranar da Hilal za ta kara da Marikh a ƙwallo kana can wata uwa duniya, amma ranar da izinin zamanka zai mutu sai ka duba? Da ɗan wani gari ne ya faɗi haka sai in yi masa uzuri. Kai ɗan Mai Wurno ne, kuma mu mun san abin da kwanan wata ke yi wa mutum.

Ka sha jin labarin, amma bari in ba ka shi ta gefen da ba a cika faɗa ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906. Ba su ɗauki kansu mazauna ba. Masu hijira ne, alhazai ne a kan hanya, fuskarsu na kallon Makka. Da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka buɗe noman auduga a Jazira, wasu dubbai suka biyo baya daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, kowa na cewa zai yi kaka ɗaya ko biyu, ya tara guzuri ya wuce. Kaka biyu ta zama shekara arba'in. Aka haifi 'ya'ya, aka aurar da su, aka binne iyaye a nan, kuma idan ka tambayi tsohon zai ce maka shi fa wucewa yake yi.

Da dokar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta 1957 ta fito, sai ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Lissafa da kanka. Mutanen Mai Wurno sun makara da shekara tara. Mahaifina, kakanka, ya yi ta jeka-ka-dawo ofis da shaidu, ana tambayarsa inda aka haifi kakansa, shi da bai taɓa ganin wata ƙasa da idonsa ba sai wannan. Marar jinsiyya a lokacin, samun hawasha, wato gonar haya a Jazira, da sunansa wuya, aikin gwamnati wuya, ɗansa ya yi nisa a makaranta wuya. Aka yi ta matso da ranar, har dokar 1994 ta ajiye ta a 1 ga Janairu 1956. Kafin nan mutane nawa suka tsufa a kambo, sansanin leburorin gona, suna tsinkar audugar wasu? Ba na zargin kakanninmu, niyyarsu ta Allah ce, kuma ba su san wata rana za a auna mutum da tambarin ofis ba. Kai ka sani.

Kada ka ce na ɗauki takarda ta zama komai. A watan Yulin 2022, a Damazin da Rusairis, mutanenmu da ke da jinsiyya da lambar ƙasa a aljihu aka ce musu baƙi, aka ƙone musu gidaje. Na ga waɗanda suka gudo da idona. Takarda ba ta hana a kira ka baƙo. Abin da take yi shi ne ta ba ka bakin amsawa a gaban hukuma, ta buɗe maka ƙofar asibiti da kotu da filin jirgi. Wanda ba shi da ita, ko an zalunce shi shiru zai yi.

Na sa 'yar maƙwabcinmu, likitar nan da ke aiki a can, ta karanta mini ƙa'idar dalla-dalla, na rubuta a littafina. Tun Yulin 2021 Ingila ke ba wanda ya gama karatu izinin zama ya yi aiki shekara biyu, mai digirin dakta shekara uku. Ba ya buƙatar wani kamfani ya tsaya masa. Amma sharaɗin shi ne ya nema yana cikin ƙasar, bayan jami'a ta sanar da hukuma ya kammala, kuma tun takardar ɗalibi na da rai. Idan ta mutu a hannunka, ƙofar ta rufe. A 2025 kuɗin nema fam 880 ne, ga kuma na lafiya fam 1,035 kowace shekara, kuma a dunƙule ake biya. Ka tara su? In ba ka tara ba faɗa mini yanzu, tun muna iya yin karo-karo da yayyenka na Jidda. Kunyar tambaya ta fi sauƙi a yau. Kuma sun riga sun sanar cewa wanda ya nema daga Janairun 2027 wata goma sha takwas kawai zai samu, ka ga ke nan inuwar raguwa take yi.

Ga wurin da nake so ka buɗe kunne. Wannan izini sau ɗaya ake bayarwa, ba a sabunta shi, kuma shekarunsa ba sa shiga lissafin shekara biyar da ake nema kafin a ba mutum zaman dindindin. Agogon yana fara tafiya ne ranar da ka koma takardar ƙwararren ma'aikaci, wato ka samu wurin aiki mai lasisin ɗaukar baƙi, da albashin da ya kai abin da suka yanka. Sun kai shi fam 41,700 a shekara tun Yulin 2025, ko da yake akwai rangwame ga sabon mai digiri. Ita ma shekara biyar ɗin, gwamnatinsu ta faɗa a Mayun 2025 cewa tana son mayar da ita goma. Saboda haka shekara biyun nan zango ne, irin wanda ayari ke yi ya shayar da raƙuma. Na ji kana kai abinci gida-gida a kan keke, kana samun na kashewa har kana turo wa innarka. Madalla, sana'a ba ta da ƙasƙanci, ni ma na yi dako a tashar Sannar ina saurayi. Amma keke ba zai tsaya maka a gaban hukuma ba. In ka cinye wata ashirin da huɗu a kansa saboda kuɗin yau na da daɗi, za ka wayi gari kamar tsohon da ya ce kaka ɗaya zai yi. Daga makon farko ka fara neman aikin da ka karanta, ko da a ƙaramin gari ne mai sanyi wanda ba Bahaushe ko ɗaya.

Sai maganar mutumin da ka ce ya yi maka alkawarin takardar ɗaukar aiki in ka ba shi dubban fam. Na san irinsu. Shekara goma sha huɗu na yi a Saudiyya da iƙama, na ga masu sayar da biza ga aikin da babu shi. Kuɗinka ya tafi, sunanka ya ɓaci a kwamfutar hukuma, shi kuwa dillali ya canza lamba. Aikin gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun ma'aikaci kafin ya ɗauke shi. Haka masu ce maka ka bar takardar ta mutu sannan ka nemi mafaka. Mafaka haƙƙi ce ga mai dalili, kuma Allah ya sani tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ƙasarmu ba ta rasa dalilai ba. In har can za ka bi, je wurin lauya mai rajista tun kana cikin ƙa'ida, ka faɗi gaskiyarka yadda take, ka kuma tambaye shi ko za ka iya zuwa ganin innarka bayan haka. Kada shawarar ɗakin samari ta yanke maka abin da zai bi ka har tsufa.

Saudiyyar nan ma ta ishe ka darasi. Mutanenmu nawa aka haifa a Makka, iyayensu ma a can aka haife su, har yau sai an sabunta musu iƙama? Da aka sa harajin iyali a 2017, riyal 100 a wata kan kowane kai, ya yi ta hawa har 400, gidaje nawa suka tattaro suka dawo Sudan ɗin da 'ya'yansu ba su sani ba? Ingila, duk tsadarta, ta bar hanyar da baƙo zai bi ya zama ɗan gida. Ƙanenka da ke maganar Jamus, can ma akwai wata goma sha takwas na neman aiki bayan karatu. A je a yi ta da ido buɗe.

Abu na ƙarshe, fasfonka na Sudan. Na ji ka raina shi, har kana cewa ba ya kai mutum ko'ina. Kakanka ya zubar da gumi kafin sunan gidanmu ya shiga wannan littafi. Lokacin da Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, gwaggonka ta fito ba ta ɗauki ko tukunya ba, amma gwangwanin takardu na ɗaure a zaninta. Duba yaushe naka zai ƙare, ka sabunta shi da wuri, don kowace takarda ta can a kansa ake ɗora ta.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan azahar ta nan, ina jiran hoton shafin da ke ɗauke da ranar. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ranar kawai nake so in gani. Innarka na gaishe ka, ta ce ko kana samun kuɓewa busasshiya a can, in babu ta ba wani mai tafiya.

Baffanka.